Abubuwan da ya kamata ka sani game da na'urar da ke sauya wuta tsakanin NEPA da janareta

A mafi yawan gidajenmu da shagunanmu, idan aka ɗauke wuta wani ne zai tashi da tocila ya je ya tayar da janareta, ya dawo ya ja hannun canjoba daga ɓangaren NEPA zuwa ɓangaren inji. In an kawo wuta kuma, duk wanda ya fara jin kukan jiniya ko ya hango ƙwan maƙwabta ya kama, shi zai sake tashi. A gida wannan ba abin damuwa ba ne. Amma a ɗakin tiyata, ko wurin ajiyar jini da allurar rigakafi, ko turken kamfanin waya da ke can bayan gari babu kowa kusa da shi, minti biyar ɗin da mutum zai ɓata yana laluben takalmi na iya jawo asarar da ba ta gyaruwa. Domin irin waɗannan wurare aka ƙera na'urar da ake kira ATS. Tana lura da wutar layi dare da rana, ta tayar da janareta da kanta idan wutar ta ɗauke, ta ɗora masa lodi, ta kuma mayar da komai yadda yake idan wuta ta dawo.

Yanzu ta yaɗu. Kana ganinta a otal-otal da bankuna da gidajen mai da ƙananan asibitoci, har da gidajen masu hali, daga Kano da Kaduna zuwa Maraɗi da Yamai. Abin da ke damuna shi ne yadda ake sayenta ana ɗaukar cewa an rabu da wahalar wuta ke nan. Saitin da take zuwa da shi daga kamfani an yi shi ne domin wutar da ba ta cika ɗaukewa ba, wadda in ta zo take zuwa cikakkiya. Tamu kuwa tana ɗaukewa sau da yawa a yini, tana zuwa rabi-rabi, tana zuwa a layi ɗaya ta bar biyu. Duk wanda bai zauna ya daidaita na'urar da wannan hali ba, to ko dai ta ƙona masa mai a banza, ko ta ƙona masa kaya, ko ta yi shiru a daren da ake bukatarta.

## Me ke cikin akwatin?

Abu biyu ne. Na farko shi ne makunnin da wutar ke bi ta cikinsa, wanda ke da hanyar shiga biyu, ta layi da ta janareta, da hanyar fita ɗaya zuwa ginin. A ƙananan akwatuna, musamman waɗanda masu gyaran wuta ke haɗawa a kasuwa, kwantakta biyu ake sawa. A manya kuma ana sa makunni mai ɗan moto da ke juya shi, irin ATyS na kamfanin Socomec na Faransa, ko manyan bireka biyu masu moto.

Bambancin nan ya shafe mu. Kwantakta tana riƙe ne da ƙarfin maganaɗisu, kuma wutar layin ce ke ba ta wannan ƙarfi. Idan wutar ta yi rauni sai ta riƙa kamawa tana saki, ka ji tana ƙara kar-kar-kar, bakinta yana tartsatsi, har murɗaɗɗiyar wayar da ke cikinta ta ƙone. Makunni mai moto kuwa da zarar ya juya ya zauna, ba ya bukatar wuta don ya riƙe, kuma yawanci yana da hannun da za ka juya shi da kanka idan moton ya lalace. A unguwar da wuta ke yawan zuwa da rauni, ƙarin kuɗin da za ka biya a kansa bai kai na sauya kwantakta sau biyu ba.

Na biyu shi ne kwanturola, wato ɗan allon nan mai maɓallai da gilashin rubutu. Ita ke auna wuta, ta ƙirga lokaci, ta ba da umarni. Waɗanda aka fi cin karo da su a nan su ne na Deep Sea Electronics na Ingila, da ComAp na ƙasar Cek, da SmartGen na Sin, da Datakom na Turkiyya. Wani lokaci kwanturolar da ke jikin janareta ce ke yin aikin duka, kamar DSE7320, wadda ke kula da inji ta kuma kula da layi. Wani lokaci kuma akwatin sauya wuta yana da tasa daban, sai ta aika wa janareta saƙon ya tashi ta wasu siraran wayoyi biyu kawai. Ka san wane iri ne naka. Idan guda biyu ne, dole dukkansu su kasance a kan Auto, in ba haka ba ɗaya za ta yi kira, ɗayar ba za ta amsa ba.

## Daga ɗaukewar wuta zuwa dawowarta

Duk aikin na'urar jerin jira ne, kowane jira da dalilinsa, kuma kowanne ana iya tsawaita shi ko a rage shi. Wanda ya fahimci wannan jeri ya fahimci ATS.

Wuta ta ɗauke. Kwanturola ba ta yin komai na 'yan daƙiƙu, galibi biyu zuwa biyar, don ta tabbata ba ƙiftawa ce kawai ba. Daga nan sai ta buɗe mai ta buga kik. Saitin da aka saba gani shi ne ta murza inji na daƙiƙa 10, in bai kama ba ta huta daƙiƙa 10, ta sake, har sau uku. Idan ya ƙi, sai ta haƙura ta rubuta Fail to Start ta kunna ƙararrawa. Ba za ta ci gaba da murzawa ba, domin hakan yana ƙona kik ya kuma tsotse batir.

Idan ya kama, sai ta jira ya kai gudunsa. Wutarmu, a Najeriya da Nijar, tana kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, abin da ake rubutawa 50Hz, kuma yawancin manyan injinan gas sai sun yi juyi 1,500 a minti kafin su ba da hakan. A wannan ɗan lokaci ne baƙin mai yake zagaya inji. Ana iya ƙara masa lokacin ɗumama. Sai ta ga volt ya zauna, kaɗawa ta zauna, sannan ta saki ɓangaren layi ta kama ɓangaren janareta.

Wannan duka yana ɗaukar lokaci, kuma a nan mutane da yawa suke jin an yaudare su. ATS ba ta hana duhu, tana gajarta shi ne. A Amurka, ƙa'idar NFPA 110 ta ware wani aji na wutar gaggawa, wanda asibitoci ke bi, inda ake bukatar wuta ta dawo cikin daƙiƙa 10, kuma ana cimma hakan ne da inji mai lafiya wanda ake ɗumama ruwansa kullum. A mafi yawan wurarenmu za ka ga daƙiƙa 15 zuwa 30. Kwamfuta za ta mutu a wannan tsakani, haka na'urar taimakon numfashi da ba ta da batir a ciki. Duk kayan da ba ya jure ƙiftawa sai an sa masa UPS ko inbata da za ta riƙe shi kafin inji ya karɓa.

Sai kuma dawowar wuta, wadda a ganina ita ce muhimmin wurin saiti a ƙasarmu. Kowa ya san halin wutar da ake kawowa a sake ɗaukewa bayan minti biyu, musamman da damina ko lokacin da ake gwada layi bayan gyara. Wasu kwanturololin suna zuwa da jiran dawowa na daƙiƙa 30 kacal. Idan aka bar shi haka, na'urar za ta koma layi, ta fara kashe inji, wuta ta sake tafiya, ta sake buga kik. A cikin awa ɗaya inji na iya tashi sau da yawa, kowace tashi tana cin batir da kik, kowane sauyi yana girgiza firji da na'urar sanyaya ɗaki, alhali kwamfuresa na bukatar hutun kimanin minti uku kafin a sake kunna ta. Minti biyar zuwa goma na jira ya fi dacewa da yawancin unguwanninmu. Gaskiya ne ana ƙona ɗan mai alhali ga wuta a layi. Amma ka kwatanta kuɗin man minti biyar da kuɗin kwamfuresar firjin da aka cika da magani.

Bayan an mayar da lodi kan layi, inji ba ya mutuwa nan take. Yana ci gaba da juyawa babu lodi na minti uku zuwa biyar. Kamar dokin da ya dawo daga sukuwa ne, ba a ɗaure shi nan take, sai an zagaya da shi ya huce. Inji mai turbo ya fi bukatar wannan, domin turbo yana ɗaukar zafi sosai, kuma idan aka yanke masa baƙin mai yana cikin zafin, man da ya rage a ciki yakan dahu ya daskare ya ci masa ƙarfe. Ana yawan samun mai gadi ko manaja ya ji inji yana ƙara alhali an kawo wuta, ya ɗauka na'urar ta rikice, ya je ya danna jan maɓalli. Ya kamata duk wanda ke kwana a wurin a gaya masa cewa ƙarar nan ta 'yan mintuna da gangan ce.

## Maɓallai huɗu

Stop, mai launin ja ko alamar sifili, yana kashe inji yana kuma share ƙararrawa. Inji ba zai tashi ba ko da an ɗauke wuta. Manual, mai hoton hannu, yana ba ka iko ka tayar da inji da koren maɓalli ka kuma sauya lodi da kanka. Test yana tayar da inji, kuma a na'urori da yawa yana ɗora masa lodi kamar an ɗauke wuta da gaske. Auto shi ne mazaunin na'urar na kullum.

Babu matsalar da ta fi yawa kamar barin na'ura a kan Stop. Makaniki ya zo da rana ya yi juyen baƙin mai, ya danna Stop don ya yi aikinsa, daidai ne. Ya gama, ya gwada a Manual, inji ya tashi lafiya lau, ya sake danna Stop ya kashe, ya wanke hannu ya hau babur. Ƙarfe biyun dare aka ɗauke wuta, shiru. Da safe injiniya ya iso ya tarar da komai garau, ya juya ga mai gadi.

"Baba, wa ya taɓa allon nan?"

"Wallahi yallaɓai ban taɓa ba. Tun da mai gyara ya tafi jiya ko kusa da shi ban je ba."

Gaskiya Baba ya faɗa. Abin da ya rage shi ne a nuna masa ɗan ƙwan da ke kusa da maɓallin Auto, a ce masa ya duba kowace magariba ya ga yana kunne. Kwanturololi da yawa suna da hanyar kunna fitila ko ƙararrawa idan ba a kan Auto suke ba, kuma a wuri irin asibiti bai kamata a rasa wannan fitila a ɗakin masu jinya ba. Haka kuma jan maɓallin gaggawa mai kan lema: idan aka danna shi yana maƙalewa, sai an murɗa shi ya fito, sannan a share ƙararrawa da Stop, sannan a koma Auto.

## Wutar da ta zo ba ta cika ba

Na'urar ba ta san "akwai wuta" ko "babu wuta" ba, lamba take karantawa. A Najeriya ma'aunin layi ɗaya volt 230 ne, tsakanin layi da layi kuma 400, ko da yake masu aiki har yanzu sukan ce 240 da 415. Ana ba kwanturola iyakar ƙasa da ta sama. Saitin da aka saba shi ne ta ɗauki layi a matsayin ya faɗi idan ya sauka zuwa kashi 80 cikin 100, wato volt 184, kuma kada ta yarda ya dawo sai ya haura kashi 90, wato 207. An bar tazara tsakanin lambobin biyu da gangan, don kada wutar da ke lilo a bakin iyaka ta sa na'urar ta riƙa kai da komo.

To ga inda muke shiga tsaka mai wuya. A unguwar da taransifoma ta yi wa jama'a kaɗan, ko gidan da ke ƙarshen layi, wuta na iya yini tana yawo tsakanin 170 da 195, musamman da bazara da kowa ya kunna fanka da na'urar sanyi. ATS za ta ga wannan ta ce babu wuta. Inji zai yini yana aiki alhali maƙwabta suna kallon talabijin. Injin kVA 100 a cikakken lodi yana shan sama da lita 20 na gas a awa, ka ga kuwa dole mai wuri ya ɗaga murya. Abin da ke biyo baya shi ne a kira mai gyara a ce ya sassauta, shi kuma ya sauke iyakar zuwa 150 ko 140, kowa ya yi farin ciki.

Wannan ba gyara ba ne. Ƙwan fitila na zamani da cajar waya za su jure, amma moto ba ya jurewa. Idan volt ya yi ƙasa, moto yana jan wuta fiye da ƙima don ya yi aikin da aka ɗora masa, ya yi zafi, rufin wayoyinsa ya ƙone. Famfon burtsatse da kwamfuresar firji da injin niƙa su ne za su biya kuɗin man da aka yi tattali. Hanyar da ta dace ita ce a sa babbar sitabilaiza a kan layi kafin ya shiga ATS, ta yadda na'urar za ta riƙa karanta wutar da aka riga aka gyara, ko a nemi kamfanin rarraba wuta ya duba taransifoma, ko, ga babban wuri, a sa taransifoma ta kai. Ana iya sassauta iyaka kaɗan idan an duba abin da kayan wurin za su iya ɗauka, amma da ilimi, ba don a rufe bakin mai gida ba.

Haka zancen yake idan layi ɗaya cikin uku ya faɗi, abin da ke faruwa kullum idan fis ya tsinke a taransifoma. A gidajenmu mun saba da zare fis a mayar da shi layin da ke da wuta. Amma moto mai layi uku idan ya rasa ɗaya, ƙugi zai yi ya ƙone. Saboda haka kwanturola ta wuri mai layi uku dole ta auna dukkan ukun. Akwai akwatuna masu araha da layi ɗaya kawai suke dubawa, kuma mai saye ba ya sani sai ranar da ɗayan biyun ya faɗi.

Iyakar sama kuma, galibi tsakanin kashi 110 zuwa 120 ake sa ta. Kada a kashe ta. Idan wayar nutural ta tsinke a layi, kayan da aka yi don 230 na iya samun abin da ya doshi 400, kuma wannan iyaka ce za ta ware ginin daga layin.

## Wuta biyu ba sa haɗuwa

Dokar farko ta kowane irin canjoba, na hannu ko mai sarrafa kansa, ita ce kada wutar janareta ta haɗu da ta layi. Idan layin yana da wuta kuma ba su daidaita ba, tartsatsin da zai biyo baya na iya ƙona janareta da akwatin gaba ɗaya. Idan kuma layin ba shi da wuta, abin ya fi muni. Taransifoma tana aiki ta kowace fuska. Wutar injinka za ta bi waya ta koma cikinta, ta fito ta ɗaya ɓangaren a matsayin dubban volt a kan babban layi, inda wataƙila wani ma'aikacin kamfanin wuta na KEDCO ko NIGELEC yake bisa tsani, ya tabbatar an kashe layi kafin ya hau.

Shi ya sa ake sa kulle iri biyu. Na waya, wanda ke hana ɗaya kwantakta samun umarni muddin ɗayar tana kame. Da na ƙarfe, wani ɗan abu da ke tsakaninsu wanda ko da hannu ka danna ba zai bari su kama tare ba. Kulle na waya shi kaɗai bai isa ba, domin bakin kwantakta yakan narke ya liƙe. Idan za ka karɓi akwati daga hannun mai haɗawa, ka sa ya nuna maka kullen ƙarfen da idonka. Ƙa'idar duniya da ta shafi waɗannan na'urori ita ce IEC 60947-6-1, kuma kayan kirki suna ɗauke da wannan lamba a jikinsu.

Yawancin ATS suna sakin ɗaya ne kafin su kama ɗaya. Idan wurin yana da manyan motoci masu juyawa, yana da kyau a sa ta ta tsaya a tsakiya na daƙiƙa biyu ko uku. Dalili shi ne moton da aka yanke wa wuta yana ci gaba da juyawa yana haifar da tasa wutar na ɗan lokaci, kuma idan sabuwar wuta ta same shi a haka suna cin karo, bireka ya faɗi ko wani abu ya karye. Akwai nau'in da ke haɗa wuta biyun na ƙasa da kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa bayan ya daidaita su, don kada a ga ƙiftawa lokacin komawa layi, amma wannan aikin ƙwararru ne kuma sai da yardar kamfanin wuta.

Abu biyu kuma da ake dubawa ranar haɗawa. Jerin layuka uku na janareta dole ya yi daidai da na NEPA, in ba haka ba famfo zai juya baya duk lokacin da aka koma inji. Kuma a sake dubawa duk lokacin da aka yi gyara a taransifoma, domin ana iya musanya wayoyi a can. Sai nutural: a wurare da yawa ya fi aminci a yi amfani da makunni mai baki huɗu wanda ke sauya nutural tare da layuka, don matsalar nutural ɗin waje kada ta biyo ka lokacin da kake kan inji. Wannan yana tafiya ne da yadda aka haɗa wayar ƙasa ta janareta, kuma injiniya ne zai yanke.

## Girma

A layi uku na volt 400, kowane kVA ɗaya yana daidai da kusan amp 1.44. Injin kVA 100 ke nan yana ba da kimanin amp 144, kuma ainihin aikin da zai ɗauka kilowat 80 ne. Amma ba da janareta kaɗai ake auna ATS ba, domin wutar layi ma ta cikinta take bi. Idan babban birekan ginin na amp 250 ne, to makunnin ya kai hakan.

Kuma ka tuna moto yana jan ninki biyar zuwa bakwai na wutarsa lokacin tashi. Idan ATS ta jefa wa inji dukkan na'urorin sanyi da famfuna a lokaci guda, zai durƙusa ya yi baƙin hayaƙi, wataƙila ya mutu. Maganinsa a raba lodi: muhimmai su shiga da farko, sauran su biyo baya da tazarar daƙiƙu, waɗanda ba dole ba kuma a bar su sai an kawo wuta.

## Batir, mai, da ƙura

Idan inji ya ƙi tashi, fara da batir. Shi ne kan gaba a dalilan ƙin tashin janaretan ko-ta-kwana. Kwanturola tana shan batir a hankali ko da inji yana kwance, saboda haka dole a sami caja da ke aiki da wutar layi. Batir mai volt 12 da ya cika yana nuna kusan 12.6 idan yana hutawa, ya nuna 13 da ɗoriya idan caja tana aiki. Amma wannan lamba ba ta isa shaida ba. Ka kalli gilashin lokacin da ake buga kik. Batirin da ya gaji yakan nuna lafiya yana zaune, ya zube da zarar an ɗora masa nauyi, har kwanturolar ta ɗauke ta sake kunnuwa. Zafin ƙasarmu yana gajarta ran batir, don haka a sauya shi kafin ya mutu, ba bayan ya mutu ba.

Ƙararrawa iri biyu ce. Akwai gargaɗi, inda inji ke ci gaba da aiki, kamar raguwar mai a tanki ko matsalar caji. Akwai kuma wadda ke kashe inji nan take, kamar faɗuwar ƙarfin baƙin mai, ko zafin ruwa ya wuce iyaka, ko gudu ya yi yawa. Kada ka share irin wannan ka sake tayarwa ba tare da ka karanta abin da aka rubuta ba. Mafi muni shi ne a cire wayar na'urar da ke auna baƙin mai don ƙararrawa ta daina damun mutane. Kwanturololin zamani suna ajiye tarihin abin da ya faru da ranarsa da lokacinsa, kuma wannan tarihi ba shi da amfani idan ba a saita agogonta daidai ba.

Buɗe akwatin ATS da ya shekara ba a duba ba bayan hunturu. Ƙura ta kwanta a kan komai, ga kashin ɓera a ƙasa, ga busasshiyar tsaka maƙale tsakanin ƙarfe biyu inda ta haɗa layi da layi, ga wata waya da rufinta ya yi baƙi ya taurare a daidai inda noti ya saki. A toshe ramukan da wayoyi ke shiga, a hure ƙura, a ɗaure notuna, a kuma wanke lagireto, domin ƙurar hunturu da ta toshe shi ita ce ke kashe inji da zafi a watan Afrilu.

Na'urar da ke tayar da inji da kanta tana kuma sa a manta da yawan awannin da ya yi. Injina da yawa suna bukatar juyen baƙin mai bayan awa 250, wasu 500, littafin injin zai faɗa. Wurin da ke kunna inji awa 12 kullum zai cinye awa 250 cikin mako uku. Sannan ƙa'idar ISO 8528 ta bambanta ƙarfin ko-ta-kwana, wanda aka ƙayyade wa awa 200 a shekara, da ƙarfin aikin yau da kullum wanda ba shi da iyakar awanni. Lambar ko-ta-kwana ta fi girma, ita kuma 'yan kasuwa suka fi son faɗa. A watan Oktoban 2024, lokacin da lalacewar manyan layukan wuta, ciki har da na Shiroro zuwa Kaduna, ta jefa yawancin jihohin Arewa cikin duhu sama da mako guda, injinan da aka saya a matsayin na ko-ta-kwana su ne suka zama NEPA dare da rana. Haka aka gani a Nijar bayan Najeriya ta yanke mata wuta a watan Agustan 2023. Mai saye a nan ya yi lissafinsa da ƙaramar lambar.

## Gwaji

A inda ake ɗauke wuta kullum, mutum zai ce ai NEPA tana gwada mana. Akwai gaskiya a ciki. Amma wuraren da ke kan layin Band A, waɗanda aka yi wa alkawarin aƙalla awa 20 a rana, da waɗanda sola ta ɗauke musu yawancin aiki, injinsu na iya daɗewa bai ɗauki lodi ba. NFPA 110 ta ce a gwada sau ɗaya a wata, na aƙalla minti 30, da lodin da bai gaza kashi 30 cikin 100 na ƙarfin injin ba. Dalilin lodin shi ne injin gas da ke juyawa babu nauyi ba ya yin zafin da zai ƙona mai duka, sai ka ga baƙin ruwa mai maiƙo yana ɗiga daga salansa. Tayar da inji minti biyar kowace safiya babu lodi ba ya gwada makunnin sauyawa ko kaɗan. Gwaji na gaskiya shi ne a sanar da mutanen wurin, a kashe babban birekan layi, a tsaya da agogo a ga abin da zai faru daga farko har inji ya huce ya mutu, a rubuta a littafi.

## Idan akwai sola da inbata

Inbata ta zamani tana da nata makunnin sauyawa a ciki, mai saurin da kwamfuta ba ta ji, kuma da yawa suna da wurin haɗa wayoyi biyun nan da ke tayar da janareta idan batir ya yi ƙasa. Tsarin da ya fi tattalin mai shi ne ATS ta zaɓa tsakanin layi da inji, abin da ta zaɓa ya shiga inbata, ita kuma inbata ce za ta nemi inji idan ta gaji. Idan ba a tsara haka ba, inji zai riƙa tashi duk lokacin da aka ɗauke wuta alhali batura a cike suke. Ƙananan janaretocin fetur masu cok na hannu kuwa ba su dace da wannan aiki ba sai an yi musu ƙari, kuma ba a yi su don a bar su babu mai lura ba.

## Kafin ka sa hannu

Inji da ke kan Auto zai iya tashi a kowane lokaci, babu sallama. Makanikin da ya zura hannu kusa da fanka ko bel yana dogara da cewa akwai wutar NEPA, daƙiƙa biyar ne tsakaninsa da rasa yatsu idan aka ɗauke. Kafin a taɓa inji, a danna Stop, a danna maɓallin gaggawa, a kashe caja, a cire wayar batir ta ɓangaren ragi, a rataya takarda a kan allo. Akwatin ATS kuma yana da wuta daga ɓangare biyu, kashe ɗaya ba ya nufin ya mutu. A kashe duka biyun, a auna da mita, sannan a taɓa.

Sai hayaƙi. Injin da mutum ke tayarwa da hannu, akwai wanda ya san ya tashi. Wanda ke tashi da kansa yana iya tashi ƙarfe ukun dare kowa yana barci, ƙofar ɗakinsa a rufe saboda ɓarayi ko ruwan sama. Iskar gubar da ke cikin hayaƙin inji, musamman na fetur, ba ta da wari ba ta da launi, kuma ta sha hallaka iyalai gaba ɗaya a ƙasar nan. Bututun salansa ya fita waje, ya yi nesa da taga da bakin na'urar sanyaya ɗaki, ɗakin injin ya sami hanyar shigar iska da fitarta wadda ba a rufewa, kuma kada a bar mai gadi ya mayar da shi wurin kwana lokacin sanyi.